Likita Uku da Hantar Ɓera

To, jama'a, tunda an idar da la'asar kuma ba mai sauri a cikinku, a kashe rediyon nan a ba ni kunne. Yau shari'a na kawo muku. Shekara da shekaru kuna kawo mini ciwon gwiwa da hawan jini a kan tabarmar nan ina duba ku, yau kuma ni ne mai neman magani a wurinku. In na gama ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa, har da kai Alhaji Sambo, da kake fakewa da jan carbi duk lokacin da gardama ta yi zafi.

Kun san ni likitan tiyata ne, kun kuma san ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki. Abin da ban taɓa ba ku labarinsa ba shi ne wani ɗan ɗaki da nake da shi a bayan asibitin koyarwa, inda muke yi wa ɓeraye tiyata. Yi dariyarka, Malam Na'iya. Na san kai tela ne, tarko kake ɗana musu a shago don suna ci maka yadi, mu kuwa har fanka muke kunna musu. Amma ka bari ka ji dalili.

Na tsufa ina kallon ciwon hanta yana cinye mutane. Magidanci mai ƙarfi, a kawo shi ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ni kuma ina tsaye a kansa da farar riga, ba abin da zan ba iyalinsa sai haƙuri. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. A wasu ƙasashe akan cire hantar da ta lalace a dasa wata. Mu kafin mu kai can akwai tambayoyin da sai mun amsa da kanmu, don zafin ƙasarmu daban ne, nisan hanyoyinmu ma daban. In an cire hanta, yaya za a adana ta har ta isa inda ake jiranta ba ta lalace ba? Irin wannan ba a gwada shi a jikin ɗan Adam, a jikin ɓera ake farawa. Kuma ba abin da za ka iya gwadawa sai ka fara iya cire hantar ɓera ka dasa wa wani ɓeran, ya farka, ya ci abinci, ya rayu. Wasu a duniya sun iya. Mu a wurinmu ba wanda ya taɓa yi.

Ba irin ɓerayen shagonka ba ne, Malam Na'iya. Waɗannan farare ne, kiwonsu ake yi musamman don bincike, cikin tsafta. Akwai kwamitin da ke ba da izini, shi yake ƙayyade mana yawan da za mu taɓa, kuma ba a sa wa ɓera wuƙa sai an sa shi barci mai nauyi. Wanda aka cire wa hanta don a ba ɗan'uwansa ba ya farkawa. Rai ne, mun sani, shi ya sa ba a yarda a yi wasa da ko ɗaya ba.

Yanzu ku auna aikin. Ɓeran duka bai cika tafin hannu ba, hantarsa ba ta kai ɓarin goro ba. Wuraren da za a yanke a sake haɗawa su ne babbar jijiyar jini ta sama, wadda ke mayar da jini zuwa zuciya, da jijiyoyi biyu na ƙasa, waɗanda ɗayarsu ce ke kawo jini daga hanji, sai kuma hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ya sauka cikin hanji. Kaurin jijiyoyin kamar tsinken tsintsiya, hanyar maɗaciya kuwa ko haka ba ta kai ba. Zaren da ake ɗinkin da shi gashin kai ya fi shi kauri, in ya faɗi a tebur sai dai a ɗauko wani. Komai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake yin sa. Ga kuma abin da ya fi duka wuya. Daga lokacin da ka matse jijiyoyi ka cire tsohuwar hanta, jini ya tsaya, kuma ɓera ba zai jure ba sai ɗan lokacin da mai shayi zai soya maka ƙwai ya haɗa maka kofi ka shanye. In ka wuce haka, ko aikinka ya fi na kowa kyau, gawa ka yi wa.

Ni hannuna ya riga ya fara rawa, kuna gani in na ɗauki kofi. Don haka na aro matasa uku daga wasu sassa. Da ritayata ta matso kuma, hukumar jami'a ta kira ni ta faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in ban nuna musu ɓera mai rai da hantar wani a cikinsa ba kafin in tafi, za a rufe ɗakin a mayar da shi sito. Ban ga laifinsu ba, wuri ya yi ƙaranci. Amma rannan ko abincin rana ban iya ci ba.

Ta farko cikin matasan ita ce Dakta Hansatu, daga sashen tiyatar ido. A gidan masu ɗinkin hula ta tashi, tun ba ta isa shiga makaranta ba take riƙe allura. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma yafe wa karkataccen ɗinki, ko nata ko na wani. In ka leƙa madubi ka ga aikinta, sai ka ji kamar kada a rufe cikin.

Na biyu Dakta Tukur, daga sashen tiyatar ciki. Wannan kam ɗan gaggawa ne, tafiyarsa ma kamar ana binsa. Ga surutu ga tsokana, kuma duk aikin da za a daɗe a zaune ana yi, shi sai ya nemo masa gajeriyar hanya. Da farko na ɗauka lalaci ne, daga baya na gane kansa ne yake gudu ya bar na mutane a baya.

Na uku Dakta Ishaya, likitan dabbobi, wanda aka ba mu don ya kula da barcin ɓerayen da lafiyarsu. Dogon mutum mai sanyin murya, Baba yake ce mini tun ranar farko. Yana yi wa ɓeraye magana kamar mai kiwon awaki, in ɗaya ya ƙi cin abinci kuwa, shi ma ranar ba ka ganin walwalarsa.

To, masana sun rubuta hanyoyi biyu na haɗa jijiya, kowace da masu yabonta. Ta ɗaya ɗinki, a haɗa baki da baki a bi da allura. Ta biyu zobe. Ana samun ɗan guntun bututun roba, a zura jijiyar ta cikinsa, a naɗo bakinta a kansa yadda ake naɗe hannun riga, a ɗaure. Sai a cusa shi cikin bakin ɗaya jijiyar a sake ɗaurewa, kamar an sa tiyo a bakin famfo. Hansatu ta ce ɗinki, don jiki bai san roba ba. Tukur ya ce zobe, don ɓera ba zai jira a yi masa ado ba. Na ce to, ba sai mun yi ta musu ba, kowa ya yi da tasa hanyar mu ga wadda za ta fi.

Aka fara. Hansatu takan ɗinke jijiyoyin nan uku, ko ɗigon jini ba ya fita, amma kafin ta gama lokaci ya wuce, hanjin ɓeran ya yi baƙi, ba ya farkawa. Tukur yakan sa zobensa a jijiyoyin uku ya gama a lokacin da Hansatu ko rabi ba za ta kai ba, ɓeran ya farka har ya ɗaga kai, kafin la'asar ya ce ga garinku nan. Wata da watanni haka. Gardama ta kaure har ta kai su biyun ba sa cin abinci a tebur ɗaya. Ita ta ce shi mai gyaran famfo ne aka ba farar riga, shi ya ce ita ta ɗauka hular ango take yi. Ni ma ban zauna a tsakiya ba, don ɗinki aka koya mini, zuciyata tana wajen Hansatu.

Bari in fara da abin da Tukur ya yi. Wata safiya ya same ni a ofis, ko zama bai yi ba ya ce, “Malam, gwajin nan namu ba gwaji ba ne. Ba hanya da hanya muke gwadawa ba, hannun Hansatu da hannuna muke gwadawa. Ko ta ci, ba za mu san ɗinki ne ya ci ko ita ce ta ci ba. Sai kowa ya iya hanyar ɗan'uwansa sannan mu san gaskiya.” Maganar a fili take, amma duk furfurata ban hango ta ba.

Mutumin nan da kujera take yi masa ƙaiƙayi, shi ne ya je ya zauna a gaban Hansatu ya ce ta koya masa ɗinki. Ba ta raga masa ba. A kan yankakkiyar safar hannu ta fara da shi, daga nan jijiyar fiffiken kaza da yake sayowa a kasuwa da kansa. Ta warware masa ɗinki ya fi a ƙirga, yana gumi yana cije leɓe, bai taɓa tashi ya bar wurin ba. Shi kuma ya koya mata zobe, bai ɓoye mata ko ɗaya daga cikin dabarunsa ba. Da hannayensu suka zo daidai, kowa ya yi hanyoyin biyu, aka duba kowace jijiya daban. Sai gaskiya ta fito. A jijiyoyin ƙasa, ko a hannun wa, zobe ya fi sauri nesa ba kusa ba, jini kuma yana wucewa lafiya. A jijiyar sama kuwa, ko a hannun wa, zobe kisa ne. Jijiyar gajeriya ce, ba ta da tsawon da za a naɗo, in an tilasta mata sai ta lanƙwashe ta toshe. Tukur da kansa ya miƙe a gabanmu ya ce, “Zobena ne yake kashe su a sama. A cire shi daga nan.” Yana dariya ya faɗa, amma na ga idonsa, abin ya yi masa ciwo.

Bai tsaya nan ba, ya koma kan zoben ƙasa ya yi ta gyara. Daga robar allurar ƙarin ruwa yake yanko su. Ya gwada manya, ya gwada ƙanana, har ya dace da wanda ya zauna daidai, ya kuma yi masa 'yar tsaga a jiki don zare ya samu wurin kamawa kada ya zame. In ba don zoben nan ba, babu hannun da zai gama jijiyoyin kafin lokaci ya ƙare.

Sai abin da Hansatu ta yi. Tunda zobe ya faɗi a sama, ba makawa sai an ɗinka, kuma a cikin ɗan lokacin nan da jini yake tsaye. Jijiyar tana can ƙurya, a jikin tantanin da ya raba ciki da ƙirji, tana motsi duk lokacin da ɓeran ya ja numfashi, ga ta da laushi kamar jiƙaƙƙen ɓawon albasa. Tukur ya koyi ɗinki, amma duk sa'ad da ya yi sauri a nan sai ta yage masa. Ni ko a zamanin ƙuruciyata ban ce zan iya ba. Hansatu ta iya, sai dai a hankali, yadda aka koya mata tun tana yarinya: kowane suka a duba shi, a daidaita shi da na gabansa. Wannan ɗabi'ar ce take kashe ɓeran, kuma ta sani.

Ku da ba ku taɓa ƙwarewa a aikin hannu ba, ba za ku san zafin abin da ta yi ba, sai ko Malam Na'iya. Ta zauna ta rushe ɗinkinta da kanta. Ta rage yawan sukan allura, ta daina ƙulla kowane suka daban, ta koma bi da zare ɗaya a jere. Ta gano yadda za ta ɗinke bangon baya ta ciki, ba sai an juya hantar ba. Ta bar shan shayi gaba ɗaya, don ta lura yana sa yatsunta wata 'yar karkarwa da ido ba ya gani sai madubi. Ta koyi tsayar da numfashinta ta soka allura a tsakanin numfashin ɓeran da na gaba. Ranar da ta fara gamawa a kan lokaci na leƙa madubi na ce ya yi kyau. Ta ce, “Bai yi kyau ba, Malam. Da innata za ta gani, da ta warware shi. Amma zai riƙe.” Ana cikin haka wani babban asibitin ido a ƙasar waje ya aiko yana nemanta, irin damar da abokan karatunta suke mafarki. Ta ce su ɗan jira, ba ta gama da ɓera ba. Ba su jira ba, suka ɗauki wani. Ko sau ɗaya ba ta tayar mana da maganar ba, a bakin wasu na ji.

Muka haɗa hanyoyin biyu, ɗinki a sama, zobe a ƙasa. Ɓeraye suka fara farkawa, suka kwana, suka tashi suna cin abinci suna hawa jikin keji. Tukur ya sayo tsire ya raba wa har masu gadi. Ni kuwa na fara shirya abin da zan faɗa wa hukuma. Ba a yi mako ba sai na farko ya lafe a kusurwa, gashinsa ya tashi, kunnuwansa suka yi ɗorawa, ya mutu. Na biyu ya bi shi, na uku ma haka. Shawara ce sak, irin wadda nake gani a idon majinyatana. Ɓerayen da kwamiti ya yarje mana sun kusa ƙarewa, lokacina ma haka.

Nan ne Ishaya ya yi nasa. Na shigo da safe na ce a fito da ɓeraye a sake gwadawa, sai na tarar ya tsaya a ƙofar ɗakin kiwo. Ya ce, “Baba, yau ba zan ba da ɓera ba.” Na ce me ka ce? Ya ce, “Ka yi haƙuri, Baba. Ba mu san abin da ke kashe su ba. In mun sake yi yadda muka yi, mun san ƙarshensa tun kafin mu fara, kuma wahala suke sha kafin su mutu. Ƙa'idar kwamiti ta ba ni ikon dakatarwa, na dakatar.” Kun san ni da zuciya. Na faɗa masa maganganu, na tuna masa wanda ya kawo shi ɗakin. Ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne Baba, haka ne Baba, amma bai matsa daga ƙofar ba. Kuma ya san a ranar ina iya mayar da shi inda ya fito da baƙin suna.

Ashe tun da aka fara, bai taɓa jefar da mushen ɓera ba sai ya buɗe shi ya duba. Mu likitocin mutane in ɓera ya mutu jijiyoyin jini muke dubawa, don a kansu muke gardama, in mun gan su lafiya lau sai mu rufe mu ce ikon Allah. Shi kuwa har kashinsu yake kallo in yana share keji, ya ga ya koma fari-fari, alamar ruwan maɗaciya ba ya sauka cikin hanji. Da ya dakatar da mu, sai ya bi hanyar maɗaciyar a ƙarƙashin madubi, ɓera bayan ɓera, har ya gano inda matsalar take. Wannan haɗin shi ne na ƙarshe a tiyatar. Ana yin sa ne bayan an saki jini, hankali ya kwanta, hannu ya gaji, kowa yana ganin an gama babban aiki. Wani siririn bututu muke zurawa ya haɗa bakin biyu, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya auna shi, duk wanda ya zo hannu shi ake sawa. Ya yi tsawo, ya yi tauri. Da ɓeran ya ji sauƙi ya fara tsalle, sai bututun ya soki bangon hanyar ko ya lanƙwasa ta.

Ishaya ya zauna da 'yar fitila yana gasa bututun roba yana ja har ya sirance ya yi laushi, yatsunsa duk suka yi bororo. Ya yanka shi gajere, ya fere bakinsa biyu. Ya kuma ce a canza tsari, a zura gefe ɗaya tun hantar tana jikin mai bayarwa, lokacin da hannu bai gaji ba, ya rage gefe ɗaya kawai a ƙarshe. Sai da ya gwada a kan mushe har ya gamsu, sannan ya zo ofis ya rusuna ya ce, “Baba, ga ɓerayenka.” Da ya bi umarnina a ranar nan, da mun ƙarar da sauran a banza, ba mu da abin da za mu gwada gyaran a kansa.

Ranar da aka haɗa duka, da hantsi aka fara. Ni ina gefe a kan kujera, an hana ni ko tari. Ishaya ya sa ɓeran barci ya kwantar da shi a kan ɗan faranti mai ɗumi. Tukur ya riga ya sa zobba a sabuwar hantar, tana jira a cikin ruwan sanyi. Aka matse jijiyoyi, aka cire tsohuwa. Hansatu ta yi bisimilla ta sunkuya. Ta gama bangon baya, tana cikin na gaba, sai ɓeran ya ja wani dogon numfashi, kusurwar jijiyar ta tsage. Na gani a allon da ke nuna abin da madubi ke gani, na ce a raina shi ke nan. Ita ko gezau, ta kame tsagar da suka biyu ta ci gaba kamar dama a cikin tsari take. Tana janye hannu Tukur ya shiga, kafin in gyara zama ya cusa zobe ya ɗaure, ya saki jini. Hantar nan da ta yi fari-fari sai ta fara ja daga gefe, jan yana bin ta a hankali har ta cika. Na sha ganin abubuwa a ɗakin tiyata, amma wannan sai da na cire tabarau na goge ido. Ishaya ya karɓa ya haɗa hanyar maɗaciya a natse, kamar ba shi da wani aiki a duniya sai shi.

Ɓeran ya farka. Ya yi mako, kunnuwansa suna nan ja-ja yadda Allah ya yi su. Ya yi wata, ya yi ƙiba har Ishaya ya fara rage masa abinci. Hansatu ce ta raɗa masa suna Ajuji, yadda kakanninmu suke yi wa yaron da ya zo bayan 'yan'uwansa sun yi ta mutuwa. Bayansa wasu suka biyo, suka rayu. Su ukun kuma ba su tsaya kowa a kan nasa ba, sun yi ta koya wa juna har ya zama kowannensu yana iya tiyatar daga farko zuwa ƙarshe shi kaɗai. Wannan ya faranta mini rai a lokacin, ban san shi zai jefa ni cikin halin da nake ciki ba.

'Yan hukuma suka zo da manyan riguna suka tsaya a kan kejin Ajuji, shi kuwa yana ta gurgurar abincinsa ko kallonsu bai yi ba. Suka yaba, suka ce ɗaki ya tsira. Amma kujera ɗaya za su iya bayarwa, ta wanda zai gaje ni, tunda mutum ɗaya yana iya aikin. Sauran biyun kowa zai koma sashen da aka aro shi, kuma duk wanda ya san layin marasa lafiya da ke jiransu a can ya san ba za su sake samun zama a gaban madubin nan ba. Kada wani ya ce mini a raba kujerar, na roƙa har na gaji, babu. Suka ce ni zan faɗi suna a zamansu na ranar Litinin. In na kasa, za su kawo wani daga waje.

Na zauna na nemi aibinsu ko zan samu sauƙi. Tukur gaggawarsa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Hansatu ɗalibai tsoronta suke ji, tana iya sa mutum kuka a kan suka ɗaya. Ishaya ba likitan mutane ba ne, aikin kuwa don mutane aka faro shi. Kowane aibi na ɗora a ma'auni sai in ga bai kai nauyin abin da mai shi ya yi ba. Sai na ce bari in tambaye su ɗaya bayan ɗaya, wataƙila wani ya nuna kwaɗayi in samu dalilin cire shi, don na san kowannensu yana son kujerar nan kamar ransa.

Na kira Hansatu. Ta ce, “Malam, Tukur za ka ba. Ni hannu gare ni, hannu kuwa yana tsufa. Shi ne ya ga kuskuren da dukanmu muka kasa gani, ya kuma ƙaryata kansa a gaban mutane. Bincike irin wannan mutumin yake so.”

Na kira Tukur. Ya ce, “Haba Malam, ni da zan ƙarar da ɓerayen shekara kafin a ga wata? Ishaya za ka ba. Wanda ya iya ce maka a'a, kai da kanka, shi ne zai iya riƙe ɗakin nan.”

Na kira Ishaya. Ya ce, “Baba, ni da Tukur mun iya ɗinkin sama, amma in jijiyar ta tsage a hannunmu, ɓeran ya tafi. Ita kaɗai ce za ta koya wa na baya abin da babu a littafi. Kuma saboda ɗakin nan ta rufe wa kanta ƙofa. Hansatu za ka ba.” Kowannensu ya fita ya ja mini ƙofa a hankali, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa.

To, ga shi na zube muku. Ban taɓa alfahari da wasu mutane kamar yaran nan uku ba, kuma ranar Litinin da bakina zan sallami biyu daga cikinsu. Ba don Tukur ba, da har yau muna musu a kan gwajin da bai zama gwaji ba, kuma ba zoben da zai sa mu riga lokaci. Ba don Hansatu ba, da jijiyar sama ba ta ɗinku ba, ranar da ta tsage kuwa a nan labari zai ƙare. Ba don Ishaya ya tare ƙofa ya bi diddigin maɗaciya ba, da duk aikin su biyun a cikin mushe ya tsaya. Ni jijiya na sani, ku kuka san mutane. Ku faɗa mini, sunan wa zan ambata? Wane ne a cikin su ukun ya fi cancanta ya zauna a kujerar nan?